Shekarar da Na Hana a Kai Balkisa Juji

Na san abin da ake faɗa a kaina, kuma na san kun ji. Ana cewa ubanku ya taɓa haukacewa shekara guda, kuma a cikin haukan nan ya kori uwar da ta haife shi daga gida. An faɗa a Dumega, an faɗa a Dogon Kiriya, har nan Dogon Dutsi na ji wata tsohuwa ta maimaita a wurin suna, ta ɗauka kunnena ya mutu. Kunnena lafiyarsa lau, gwiwa ce kawai ta gaza. Na yi shiru shekara da shekaru don Inna tana da rai, ba na so a riƙa jan sunanta a bakin mutane. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, uwarku kuma ta gaji da ce mini in rubuta, to ga shi na zauna. Ban yi hauka ba, ban kori kowa ba, kuma abin da na yi a waccan shekara, ko yau aka mayar da ni sai na sake yin shi. Ke Balkisa, ki fi kowa buɗe kunne, don a kanki aka yi.

Sunan da aka raɗa mini Abdullahi ne, amma ban san haka ba sai ranar da aka rubuta ni lakwal, wato makarantar boko. Ajuji kowa ke kirana. Inna ta haifi huɗu kafin ni, duk ta binne su, ba wanda ya kai yaye. Irin wannan haihuwa ita ake kira wabi, kuma mutanenmu na Arewa suna da dabararsu a kanta. Sun ce akwai doguwa, wata iska mai ƙyashi, da ke bin matar. In ta ga an haifi ɗa ana murna ana tattalinsa, sai ta ɗauke. Maganin abin shi ne a nuna mata ba a son yaron. Kwanana uku a duniya aka naɗe ni da tsumma aka ajiye ni kan juji a bayan gida, cikin toka da kashin awaki, kowa ya juya baya. Wata tsohuwar maƙwabciya ta zo kamar mai wucewa ta tsince ni, ta shigo gida tana tambaya ko akwai mai son wannan abin banza. Inna ta ce ita ba ta so, amma a ajiye shi nan kafin mai shi ya zo. Haka na shiga gidan ubana, a matsayin ajiya.

Da abin ya tsaya a kwana ukun nan, da ba ku ji shi a bakina ba. Kun san yadda talaka ke ɗinka wa ɗansa riga, da girma, ta sauko har ƙwauri, don ya yi shekara uku a cikinta. Ni ba a taɓa yi mini haka ba. Daidai jikina ake yanka tawa, ko a roƙo tsohuwa a maƙwabta, don riga mai girma kamar gaya wa doguwa ne ana sa ran yaron zai kai baɗi. Ƙannena da suka biyo ni sun rayu, aka ce wabin ya karye, su aka ba kowa tunkiyarsa ya yi kiwo. Ni ba a ba ni ba, wa zai ba baƙo kiwo? In wata mata ta yi kuskure ta ce yaron nan ya yi ƙiba, ko ya iya gaisuwa, nan take Inna za ta ɗaga murya yadda har bayan danga za a ji.

"Wanga? Mi anka gani ga wanga? Abin juji ne, ba mai zama ba ne."

Ranar da na zo na ɗaya a ajinmu na sheƙo gida da gudu, takarda a hannu. Na tarar da ita tana daka. Ko tsayar da taɓarya ba ta yi ba, ta ce lalle sauran yaran jakkai ne tunda har wannan ya wuce su. Da maraice na tarar da tsokar nama a ɓoye ƙarƙashin tuwona, alhali ba wanda ya samu nama a gidan ranar. Sai da na yi gemu na gane ma'anar naman nan. Yaro abin da aka faɗa da ƙarfi yake ji, shi na ji, shi na haddace, kuma na haddace shi da kyau don ni ɗalibi ne mai ƙoƙari.

Na girma na zama malamin lakwal, kowa yana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, har uwarku Rakiya haka take kirana. Duk ƙauyen da aka kai ni aiki, akwatina a ɗaure yake zama a kusurwar ɗaki, abin da zan sa kawai nake cirowa. Ban taɓa dasa itace ba. Abokan aikina suka sayi filaye a Dogon Dutsi suka fara gini, ni ko tubali ɗaya ban buga ba. Ku manyan biyu, Mamman da Zali, ku faɗi gaskiya, kun taɓa jin na ce kun yi kyau ko kun yi ƙoƙari kuna ƙanana? Ina son ku har cikina yana ciwo, amma in yabo ya zo bakina sai in ji kamar zan nuna ku ga wani abu. Mutane suna ta cewa Mushe Ajuji ba shi da son duniya, mutum ne mai tawali'u. Ba tawali'u ba ne, tsoro ne. Ni da na yi karatu, nake koya wa yara cewa sauro ke kawo zazzaɓi, in ka tambaye ni zan ce ban yarda da doguwa ba. Amma a can ƙasan zuciyata maganar nan tana zaune daram, cewa ni ba mai zama ba ne, kuma duk abin da na so a fili za a ɗauke.

Shekarar da nake ba ku labari muna wani ƙauye a ƙasar Dogon Kiriya, Inna tana zaune tare da mu tun rasuwar Baba. Bayan ku biyu mun haifi namiji ya koma yana wata huɗu, sannan muka samu Habsu. Habsu ta fara tafiya, tana bin ni har bakin aji tana riƙe da wandona. A ƙarshen shekarar karatu babban mai duba makarantu ya zo, ya zauna a ajina tun safe har azahar, sannan ya tara malamai da iyayen yara a gindin itacen bedi ya ce bai ga malami kamata ba a duk zagayen da ya yi, kuma daga komawa hutu ni ne direkta, shugaban makarantar. Aka yi ta tafi. Na dawo gida da wani daɗi da ban saba da shi ba, na ɗaga Habsu sama a tsakar gida, na ce mata kyakkyawar Baba, ke ma sai kin zama direkta. Shi ne karo na farko da na yi wa ɗana irin wannan magana da ƙarfi. Inna tana bakin murhu, na ga ta saki muciya. Damina ta sauka, zazzaɓi ya shigo garin, kafin sati uku mun binne Habsu.

Ban yi kuka ba, har aka riƙa yaba haƙurina. Amma bayan an watse daga zaman makoki sai wani abu ya zauna mini a ƙirji kamar an ɗora buhun gero. Abinci ya daina ɗanɗano. Wanka ya zama aiki, sa takalmi ya zama aiki. Da aka koma lakwal na tsaya gaban allo da alli a hannu, yara suna jira in rubuta ranar wata, na kasa ɗaga hannun. Na fi minti goma a tsaye, sannan na ajiye allin na fita. Daga ranar na shiga ɗaki na kwanta na juya fuska ga bango, kuma can na yi kusan wata uku. Ina jin duk abin da ake yi a gidan, ina gane kowa, ina sanin lokacin salla, ina yin ta ko da a zaune. Wanda ya ce hauka ne bai san hauka ba. Hankalina yana nan sarai, shi ne ma yake cina, don magana ɗaya yake maimaita mini daga safe zuwa yamma: an yabe ka ka ji daɗi, ka yabi yarinya ka kashe ta, dama kai abin juji ne.

Kowa a gidan da maganinsa. Inna ta ce doguwa ce ta gano ni bayan shekara arba'in, saboda na yarda aka ɗaga ni a gaban jama'a. Sai ta koma ga abin da ta sani. Kullum da hantsi za ta tsaya a ƙofar ɗakina, ta juya fuska waje, ta yi ta zagina da ƙarfi.

"Ga shi nan kwance, banza wofi. Wa ka son wanga? Ko kyauta anka ba ni ba ni so."

Ceto na take yi da iyakar ƙarfinta. Ni kuwa ina ciki ina cewa gaskiya ne, Inna, kin faɗi daidai. Ku duba wannan abu, uwa tana zuba wa ɗanta abin da take ganin magani ne, shi kuwa shi ne ciwon.

Sai kawunku Isuhu, ƙanen uwarku, wanda a lokacin ya fara kasuwanci a Dogon Dutsi, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando. Ya zo a kan babur da kasusuwan wa'azi cike da leda, ya zauna a bakin gadona.

"Mushe, wannan ƙarancin tawakkali ne. Mumini ba ya kwanciya don an karɓi abin da aka ba shi aro. Ka tashi ka yi istigfari."

Na ce to. Ya tafi ya bar ni da sabon laifi a kan na da, yanzu ban da kashe 'yata har imanina ma bai cika ba. Ba na riƙe da shi a zuciya, yaro ne a lokacin kuma da alheri ya zo. Amma ku ji daga bakina, duk wanda ya ce muku wannan ciwo rashin imani ne, ku tambaye shi ko ciwon haƙori ma rashin imani ne.

Uwarku ce ta gane inda abin ya dosa. Tana da cikin Balkisa wata shida, ga girki, ga ku, ga ni. Wata rana na tashi da wani irin sauƙi, na kira Mamman na ba shi rediyona, na ce a kai wa mataimakina littattafaina duka, na ce a ba maƙwabci babbar rigata. A raina na gama shawara cewa baƙo ya daɗe, lokacin tafiya ya yi, kuma za ku fi samun sauƙi ba ni. Ban faɗa wa kowa ba. Rakiya ta shigo ta tarar da akwatin a buɗe babu komai, ta dube ni, ta dubi akwatin.

"Mushe, ina za ka?"

Na ce ba ko'ina.

"To ni na san inda za ka. Tashi."

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta aika aka ɗauro amalanken jaki, ta sa maza biyu suka ɗora ni, ta hau da cikinta. Muka bi yashi har inda mota ke tsayawa, daga nan sai gidan likita a Dogon Dutsi. A hanya ba ta saki hannun rigata ba ko sau ɗaya, kamar mai riƙe da akuya ranar kasuwa.

Wanda ya duba ni wani dattijon majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, Bazabarme, Hausarsa duk a karkace, mace ya mayar namiji, namiji ya mayar mace. Ya auna abin da zai auna, sannan ya rufe ƙofa ya ja kujera ya zauna kamar ba shi da wani aiki a duniya. Ya ce ciwon nan sananne ne, ciwon damuwa ake ce masa, yana kama manomi yana kama minista, kuma akwai ƙwayar da za ta ɗaga mini buhun nan daga ƙirji in na jure shan ta wata da watanni. Sannan ya tambaye ni abin da nake gaya wa kaina in na kwanta. Na faɗa masa, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai shi. Sai ya ce:

"Wannan magana, in ya zo cikin kanka, da muryar wa yake zuwa?"

Na buɗe baki in ce da tawa, sai na ji ba haka ba ne. Wallahi har da yadda take jan wanga ɗin nan nata. Na ce da muryar uwata. A nan kukan da ban yi wa Habsu ba ya zo, na yi shi a gaban mutumin da ban taɓa gani ba, har majina. Ya bar ni na gama. Ya ce mutuwar yarinya ita ta tura ni ramin, amma ramin tun ina ƙarami aka gina shi, kuma abin da aka koya wa yaro kafin ya iya musu, ɗauka yake kamar da shi aka halicce shi. Ya ce ƙwaya aikinsa ce, amma maganganun nan aikina ne.

"Kai ba mushe ba ne? In yaro ta rubuta kuskure, me kake yi? Sayi kaye, sayi bik ja. Rubuta abin da muryar ya ce, ka gyara shi kamar aikin ɗan aji uku."

Na ɗauka wasa yake. Amma na sayi kayen, wato littafin rubutu, da jan biron da ya ce, don Rakiya tana tsaye a kaina. Makonnin farko ba abin da ya canja sai bushewar baki da ƙwayar ta sa mini. Daga baya na fara iya zama a gindin bedin gidanmu da hantsi. Na rubuta da baƙi: an yabe ni, na yabi Habsu, shi ya sa ta mutu. Na daɗe ina kallon layin nan da jan bik a hannu, ina neman kuskuren kamar yadda zan nema a takardar yaro. Sai na tuna gidajen da muka je gaisuwar mutuwa a waccan damina, gidan maƙeri, gidan mai unguwa, gidan Fulanin bakin rijiya. Wa ya yabi maƙeri a gindin bedi? Ba kowa, kuma ɗansa ya tafi a satin da Habsu ta tafi. Na rubuta haka da ja a ƙasa. Wata rana na rubuta: ni ba mai zama ba ne. Na rubuta a ƙasa: shekara arba'in da uku, mata ɗaya, 'ya'ya, furfura ta fara, wane irin baƙo ne wannan? Ranar na yi dariya ni kaɗai, har Zali ta leƙo ta gudu ta gaya wa uwarta. Kada ku ɗauka muryar ta yi shiru. Gobe ta dawo da maganar jiya, na sake gyarawa. Ɗalibi ne mai taurin kai, irin wanda ake maimaita wa aji.

Ana cikin zafin bazara aka haife ki, Balkisa. A lokacin na koma aiki rabi-rabi, ina tafiya kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Biyu sun mutu a jere kafin ke, don haka ko ba a faɗa ba na san abin da ke zuwa. Ranar kwana uku da safe, rana ta ɗan ɗaga, na ga Inna ta fito daga ɗakinta da wani tsohon tsumma a kafaɗa, bayanta ga wata tsohuwar unguwar tana jira a bakin danga, ita ce za ta yi tsintuwa. Inna ta nufi ɗakin mai jego. Rakiya tana zaune a bakin gado da ke a cinya. Suruka ce, ba ta iya ce wa Inna a'a, amma ta ƙanƙame ki ta ɗago ido ta dube ni ta ƙofa. Tun da aka haife ni ban taɓa musa wa Inna ba, ko a kan gishirin miya. Na tashi daga tabarma, na je na tsaya a ƙofar ɗakin na cika ta.

"Kauce, Ajuji."

"Inna, ba za a kai ta ba."

Ta dube ni kamar bango ne ya yi magana.

"Huɗu na binne. Huɗu, da hannuna na wanke su. Kai na biyar, da wanga tsumma na tsare ka. Yau kai ka gaya mini?"

"Kin tsare ni, Inna, na sani, Allah ya saka miki. Amma shekara arba'in da uku ina zaune a duniya da akwati a ɗaure. Kin ga yadda na kwanta. Abin da kike faɗa don doguwa ta ji, ni ne nake ji."

"Gara ka ji ka rayu."

"Saura kaɗan in mutu da shi."

Ta ce in na hana, duk abin da ya samu yarinyar a wuyana yake. Na san haka, ai shi ne abin da nake tsoro. Na juya na karɓe ki daga hannun uwarki, na fito da ke tsakiyar gida inda rana take, na ɗaga murya yadda Inna take ɗagawa, yadda har bayan danga za a ji. Na ce wannan 'yata ce, kyakkyawa ce, ina son ta, ba tsinto ta muka yi ba kuma ba ajiyar kowa ba ce, nan za ta zauna. Na ce baɗi war haka tana tafiya, in Allah ya yarda, kuma ni zan kai ta lakwal da hannuna. Tsohuwar da ke bakin danga ta toshe kunnuwa ta yi gaba. Inna ta saki tsumman ya faɗi ƙasa, ta shiga ɗakinta.

Washegari ranar kasuwa ce. Ta ɗaure kayanta, ta ce a kai ta mota, za ta koma Dumega wurin ƙanenta. Na durƙusa na roƙe ta, Rakiya ta fito da jego ta roƙe ta. Ta ce ita ba fushi take ba, amma ba za ta zauna ta ga an binne na bakwai ba, idonta ya gaji. Ni na ɗauki ƙullin kayanta a kaina har tasha. Wannan shi ne korar da kuke ji ana faɗa. Ranar suna Isuhu ya zo yana murna, ya kama hannuna a gaban mutane ya ce na kawar da shirka daga gidana. Na zare hannuna na ce masa ba don wa'azinsa na yi ba, kuma matar da ta binne 'ya'ya huɗu ba za a kira ta da wannan suna a ƙofar gidana ba. Da la'asar na tafi wurin tela da yadi, na ce ya ɗinka wa jaririya riga irin ta 'yar shekara biyu. Ya ce Mushe, ai za ta ɓace a ciki. Na ce ɗinka, za ta cika ta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na samu kwanciyar hankali ba. Duk tarin da kika yi, Balkisa, sai na tashi na duba ki. Kina shekara biyu ƙyanda ta kama ki, kika kwana biyar ba ki buɗe ido sosai ba. A rana ta huɗu na tsinci kaina a bayan gida da tsakar rana, tsaye a gaban juji, ina kallonsa ina tunanin ko har yanzu bai ɓaci ba. Na daɗe a wurin. Sannan na koma na ɗauke ki muka sake komawa gidan likita. Kin tashi, alhamdu lillahi. Amma ku riƙe wannan da kyau: tashinki ba shi ya nuna ina da gaskiya ba. Da Allah ya karɓe ki a lokacin, da ƙyanda ce ta yi sanadi, ba yabona ba, kuma da kin tafi kina sanin ubanki yana son ki. Na rubuta wannan da ja a kayen tun kina kwance, kafin in san yadda za ta ƙare.

Shekara bakwai Inna ba ta taka gidana ba. Ina zuwa Dumega ina gaishe ta, ina kai mata hatsi, amma ta hana a kawo ki, ko sunanki ba ta tambaya. Mutane suka ce ƙiyayya ce. Ni na san tsoro take kada ta gan ki ta so ki. A shekara ta bakwai, a hutun lakwal, na ce ya isa, na ɗauke ki muka tafi ba tare da na aika ba. Muka tarar da ita a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa, idon ya fara hazo. Kika durƙusa kika gaishe ta. Ta daɗe tana kallonki, sannan ta juya fuska wajen danga ta ɗaga murya.

"Wagga mummunar ɗiya ta wa ce? Wa ka son wagga?"

Kafin in yi magana kika miƙe tsaye, kika riƙe ƙugu.

"Kaka, ba ki gani sosai ne. Ni kyakkyawa ce, Baba ya faɗa. Kuma kowa yana so na."

Inna ta sake dubanki. Sai dariya ta kuɓuce mata, ta yi ta yi har ta koma kuka, ta jawo ki ta rungume, gyaɗar ta zube a ƙasa kaji suka taru. Ba ta ce na yi daidai ba, har ta mutu ba ta faɗa ba, ni ma ban nema ba. Da ta share ido sai ta ce in matso. Na durƙusa a gabanta, ta cire mini hula, ta shafa kaina da tafin hannunta a hankali, tun daga goshi har ƙeya.

"Ashe ka yi hurhura," in ji ta, ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji sai ni. "Ban taɓa sa rai zan gani ba."

Na ce na yi, Inna. Ta bar hannunta a wurin.

To kun ji yadda aka yi. Ciwon ya sake dawo mini sau biyu bayan nan, na koma na karɓi ƙwaya ba tare da kunyar kowa ba, kuma in ya leƙo ɗayanku ku je da wuri, kada ku tsaya sauraron masu cewa iska ce ko rashin imani. Kayen yana cikin akwatina, wanda yanzu a buɗe yake, duk mai so ya karanta. Muryar ma tana nan, takan zo in na ɗauki jika na ji daɗi ya yi yawa. Nakan ce mata na ji, sannan in faɗi abin da zan faɗa da ƙarfi. Balkisa, rigar da na aiko wa ɗanki jiya, na san ta yi masa yawa. Kada ki kai a rage.